Kayan Aron Da Ya Rufe Katara: Tarihin Zanen Japan Da Inda Yaranmu Za Su Koye Shi



A 'yan shekarun nan, da wuya ka shiga gida mai 'yan makaranta ba ka tarar da wani ya duƙufa kan waya yana kallon katun ɗin Japan da suke kira anime ba. Wani ma in ka buɗa bayan littafin lissafinsa, sai ka iske ya cika shi da zanen fuskoki masu dara-daran idanu. Abin yana damun iyaye da yawa, kuma damuwar tana da dalili. Lokacin karatu yana tafiya, data tana ƙarewa, ga kuma fargabar kada yaro ya tashi ya san na wasu ya jahilci nasa.

Ni dai a ganina ƙwace waya kaɗai ba ya kashe wannan sha'awa. Abin da ya fi shi ne a kamo hannun yaron a kai shi tushen abin da yake so. Bayan waɗannan katun akwai tarihin zane da sana'ar hannu na dubban shekaru, kuma tarihin yana taɓo tambayar da ke cin ran iyaye: mene ne makomar al'ummar da take aron abin wasu? Mu kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Japanawa sun yi ta aro tun fil azal, daga Sin, daga Koriya, daga Turai, amma yau ba wanda zai kalli zanensu ya ce na wani ne. Yadda aka yi haka shi ne zancenmu na wannan mako.

Hoto ɗaya da ya tara ƙasashe

Mu fara da hoton da kusan kowa ya taɓa gani, ko bai san sunansa ba. Wata ƙatuwar igiyar ruwa ce shuɗiya ta miƙe, kumfarta kamar farata, tana shirin rufta wa wasu jiragen ruwa uku na masu kai kifi kasuwa. Can baya kuma ga dutsen Fuji, ɗan ƙarami, shiru. Mai zane Katsushika Hokusai ne ya yi shi wajen shekarar 1831, lokacin yana da shekara kusan 70, a cikin jerin zanensa na dutsen Fuji daga kusurwa 36. Girman takardar bai wuce santimita 25 da 37 ba. Tun watan Yulin 2024 hoton yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.

In aka bi hoton nan dalla-dalla, sai a ga aro ta ko'ina. Dabarar buga hoto da sassaƙaƙƙen katako daga ƙasar Sin ta zo. Shuɗin da ya ƙawata ruwan sinadari ne da aka fara haɗawa a birnin Berlin na Jamus a farkon ƙarni na 18, fatake suka shigo da shi ta tashar Nagasaki. Dabarar nuna nisa da kusa, wadda ta sa dutse mafi tsawo a ƙasar ya koma ɗan tsito a ƙarƙashin ruwa, Hokusai ya koye ta ne daga hotunan Turai da 'yan Holan suke kawowa. Duk da haka, ido da hannun da suka haɗa waɗannan abubuwa na Japan ne. Haka labarin yake tun daga farko.

Daga tukunya zuwa naɗaɗɗiyar takarda

Abin da Japanawa suka fara yi da kansu shi ne ginin tukwane. Tukwanen zamanin Jomon suna cikin mafi tsufa a duniya, wasu gutsattsarinsu sun kai shekara kusan 16,000. Sunan Jomon yana nufin alamar igiya, saboda maginan suna danna igiya a jikin ɗanyen yumɓu ta bar ado.

Babban aro na farko ya zo a ƙarni na 6, lokacin da addinin Buda ya shigo daga masarautar Baekje ta Koriya. Tare da shi aka samu magina, masassaƙa, maƙeran tagulla da yaɗuwar rubutun Sin. Wurin ibada na Horyu-ji da ke kusa da Nara, wanda aka kafa a 607, yana da gine-ginen katako da ake lissafawa cikin mafi daɗewa da suka rage a duniya. A 752 aka ƙaddamar da mutum-mutumin tagulla na Todai-ji mai tsawon kusan mita 15. A gefensa akwai rumbun Shosoin, inda aka adana kaya kusan 9,000 na fadar wancan zamani, har da kwanon gilashi irin na Farisa da ya biyo hanyar fataken siliki.

A 894 fadar Japan ta daina aika jakadu ƙasar Sin. A ƙarnonin da suka biyo baya, a birnin Kiyoto, aka zauna aka narkar da abin da aka aro. Daga baƙaƙen Sin masu wuya aka fitar da rubutun kana mai sauƙi, wanda matan fada suka ƙware a kai. Ɗaya daga cikinsu, Murasaki Shikibu, ta rubuta Labarin Genji a farkon ƙarni na 11. Masu zane kuma suka koma zana tuddan ƙasarsu da labaran gidajensu a kan doguwar takarda mai naɗewa da ake kira emaki. Ana warware ta ne daga dama zuwa hagu, kaɗan-kaɗan, labari yana tafiya kamar majigi. Wadda yara za su fi so ita ce Choju-giga ta ƙarni na 12 da na 13, inda kwaɗi da zomaye da birai suke kokawa da wanka da harbin baka kamar mutane, da baƙar tawada zalla. Isao Takahata, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin katun na Studio Ghibli, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda waɗannan takardu suke tafiyar da labari irin na katun.

Tawada, shayi da gidan Kano

Zagaye na biyu na aro ya zo da malaman ɗariƙar Zen, waɗanda suka shigo da zanen baƙar tawada daga Sin. Gwaninsu shi ne Sesshu, wanda ya rayu daga 1420 zuwa 1506. Ya je Sin da ƙafarsa ya yi kusan shekara biyu, ya dawo ya zana duwatsu da ruwa da layi mai kauri da ƙarfi irin nasa.

A wannan zamani ne aka kafa gidan masu zane da sunansa zai sa mai karatu murmushi, wato gidan Kano. Suna ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa komai da Kanon Dabo ba. Kano Masanobu ne ya kafa gidan a ƙarni na 15, kuma zuriyarsa da almajiransu suka riƙe zanen fadar masu mulki kusan shekara 400. Sun haɗa layin tawadar Sin da launi da ruwan zinari na gida, suna ƙawata bangon fada da allunan raba ɗaki. Asirin daɗewarsu horo ne. Almajiri yana shafe shekaru yana kwaikwayon zanen magabata kafin a sake masa hannu, kuma in gida ya rasa ɗa mai hannu, sai a ɗauki almajiri mai hazaƙa a mai da shi ɗa.

Shayi ma daga Sin ya zo, kuma da farko masu kuɗi suna alfahari ne da kwanukan Sin masu tsada. Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, shi ya juya akalar. Ya fifita ɗan ƙaramin ɗaki da baƙin kwano marar ado, wanda wani magini mai suna Chojiro yake ginawa da hannu. Gidan Raku da ya fito daga Chojiro yana nan a Kiyoto, magaji na 16 ne yake riƙe da shi yanzu. Daga irin wannan tunani aka samu kintsugi, wato ɗinke fasasshen kwano da ƙaron itacen urushi a bi tsagar da garin zinari. Ana barin tabon a fili, ya zama cikin tarihin kwanon.

Ba duk abin da ya shigo ne ya zo da yardar masu shi ba, kuma wajibi ne a faɗa wa yara wannan. A yaƙe-yaƙen da Toyotomi Hideyoshi ya kai Koriya tsakanin 1592 da 1598, an kwaso maginan tukwane da ƙarfin tsiya. Ɗaya daga cikinsu, Yi Sam-pyeong, shi ake danganta wa gano farin dutsen tangaran a Arita wajen 1616. Tangaran ɗin da 'yan Holan suka riƙa lodawa zuwa Turai bayan haka, da sunan tashar Imari, yana da gumin waɗannan kamammu a cikinsa.

Zanen talaka

Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ya mulki ƙasar daga Edo, wato Tokiyo ta yau. Sun taƙaita hulɗa da waje sosai, har ya zama daga cikin Turawa 'yan Holan kaɗai aka bari, su ma a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. Zaman lafiya ya daɗe, Edo ta haura mutum miliyan ɗaya, 'yan kasuwa da masu sana'a suka samu abin hannu. Su ne suka zama kasuwar hotunan da ake kira ukiyo-e.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka hoton ukiyo-e. Mai ɗab'i ne yake zuba jari ya zaɓi abin da za a zana. Mai zane ya zana a siririyar takarda. Masassaƙi ya manna ta a kan katakon ceri ya fafe duk inda ba layi, ya kuma sassaƙa katako dabam domin kowane launi. Mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takardar da aka yi da ɓawon itace, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Wasu 'yan alamu biyu a gefen katako su ne suke sa kowane launi ya faɗa daidai wurinsa. Tun daga 1765, da aikin Suzuki Harunobu, bugu mai launi da yawa ya bazu. Ana buga ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kuma ana kwatanta kuɗin hoto ɗaya da na kwano biyu na taliyar soba.

Utamaro ya yi suna da zanen mata, Sharaku da fuskokin 'yan wasan kwaikwayo. Shi Sharaku wata goma kacal ya yi yana aiki, tsakanin 1794 da 1795, ya ɓace. Hiroshige ya zana zango 53 na hanyar Tokaido da ta haɗa Edo da Kiyoto, da ruwan sama da matafiya da masu dako. Hokusai kuwa ya kai shekara kusan 90 yana zane, 'yarsa Oi, wadda ita ma gwana ce, tana aiki tare da shi. Tun 1814 ya fara fitar da littattafan ƙananan zane-zane da ya sa wa suna Hokusai Manga. Kalmar ce dai yaranmu suke amfani da ita yau, ko da yake nasa tarin zane ne na koyo, babu labari mai ci gaba a ciki.

Da jiragen yaƙin Amurka suka tilasta buɗe ƙasar bayan 1853, sai mai aro ya koma mai ba da aro. Bayan baje kolin Paris na 1867, masu zanen Turai suka rungumi hotunan. Claude Monet ya tara sama da 200 a gidansa. Van Gogh ya zauna ya kwaikwayi hotuna biyu na Hiroshige a 1887. Takardar da aka saya da kuɗin taliya, a watan Maris na 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya nata, na igiyar ruwan nan, a kan sama da dala miliyan biyu da rabi.

Lokacin da suka kusa zubar da nasu

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mu iyaye. Bayan 1868, sabuwar gwamnatin Meiji ta sa gaba wajen kamo Turai. Aka shiga raina kayan gida, aka lalata kayan wuraren ibadar Buda masu yawa, wasu aka sayar wa baƙi da araha. Shi ya sa yau gidan adana kayan fasaha na Boston yake da tarin kayan Japan da ake lissafawa cikin mafi girma a wajen ƙasar. Wani malami Ba'amurke, Ernest Fenollosa, da ɗalibinsa Okakura Kakuzo suka bi wuraren ibada suna rubuta abin da ya rage, suka kuma taimaka aka buɗe makarantar koyon zane ta Tokiyo a 1889. A 1897 aka yi dokar kare tsofaffin wuraren ibada.

A watan Janairun 1949 gobara ta lalata tsohon zanen bangon Horyu-ji. Abin ya girgiza ƙasar, ya haifar da dokar kare kayan al'adu ta 1950. Daga 1955 gwamnati ta fara ayyana gwanayen sana'a, irin su masaƙa, marina, magina tukwane da maƙera, a matsayin waɗanda jama'a suke kira dukiyar ƙasa mai rai. Kowannensu yana karɓar yen miliyan 2 a shekara domin ya ci gaba da sana'ar ya kuma horar da magada. A Ise kuwa, duk shekara 20 ake sake gina babban wurin ibadar Shinto daga tushe. Na baya-bayan nan an yi shi a 2013. Ta haka kafinta yake koya yana saurayi, ya yi aiki yana magidanci, ya koyar yana dattijo.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, aron Japanawa ya rufe katara ne saboda akwai masu hannu a gida da suke karɓar abin su sarrafa shi, su kuma miƙa wa na baya. Lokaci ɗaya da suka kusa tafka asara shi ne lokacin da suka ji kunyar nasu.

Inda za a koya

Yawancin abin da na ambata ana iya ganinsa kyauta a waya. Wurin farawa mafi sauƙi shi ne shafin gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York. Tun 2017 suka saki hotunan dubban kayansu kowa ya sauke, kuma suna da sashe mai suna Heilbrunn Timeline of Art History, inda aka jera gajerun bayanai zamani bayan zamani. Ɗan sakandare zai iya karanta Ingilishinsu. Wanda ya fi son bidiyo ya nemi Smarthistory, masu bayanin abu ɗaya cikin 'yan mintuna, abin da ba zai cinye data ba.

Daga Japan kanta akwai ColBase, rumbun da ya haɗa kayan gidajen tarihi na ƙasa na Tokiyo, Kiyoto, Nara da Kyushu, kuma ana iya juya shi zuwa Ingilishi. Ɗan'uwansa e-Museum yana ba da damar zuƙo hoto har a ga sawun burushi. Domin hotunan bugu kuwa, shafin ukiyo-e.org ya tattaro sama da 200,000 daga gidajen tarihi dabam-dabam. Za ka iya ɗora masa hoto ya nemo maka sunansa da mai zanensa. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan shi ma ya sa tarinsa na Hokusai a intanet.

Mai son littafi ya fara da Japanese Art na Joan Stanley-Baker, ƙarami ne mai saukin ɗauka. Ɗalibin jami'a ya nemi History of Japanese Art na Penelope Mason. Littafin Okakura a kan shayi, The Book of Tea, wanda ya rubuta da Ingilishi a 1906, yana nan kyauta a Project Gutenberg. Wanda kuma abin ya shiga ransa har yana son karatu a can, ofishin jakadancin Japan a Abuja yana sanar da tallafin karatu na gwamnatinsu mai suna MEXT duk shekara.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye. A cikin ukiyo-e akwai wani nau'i na hotunan batsa da ake kira shunga, kuma manyan masu zanen da na lissafa da dama sun yi shi. Rumbunan nan na manya ne, ba su tace komai domin yara ba. Saboda haka kada a sakar wa ƙaramin yaro akwatin bincike shi kaɗai. Uwa ko uba su zaɓo hotunan tukuna, kamar dutsen Fuji, hanyar Tokaido, tsuntsaye da furanni, da kwaɗin Choju-giga, su sauke a waya, sannan a zauna a kalla tare.

Yadda za a fara a gida

Gani ya kori ji, amma yi ya fi su duka. A ɗauki hoto ɗaya a mako. A tambayi yaro me ya gani, mutum nawa ne a jirgin, ina ruwan zai faɗa, launi nawa aka yi amfani da su. Sannan a ba shi takarda ya kwaikwaya, yadda almajiran gidan Kano suka yi. A mako na gaba a raba dankalin turawa biyu, babba ya taya shi fafe siffar kifi a ɗaya, siffar ruwa a ɗayan, a shafa launi a buga a takarda guda. Ranar da ya yi fama kafin launi biyu su zauna daidai, ranar zai gane darajar mai bugun da ya daidaita launi goma.

Daga nan hanya ta dawo gida da kanta. Japanawa suna da rinin shuni da suke kira aizome, da ɗaurin zane kafin rini da suke kira shibori. Ganyen da suke amfani da shi dabam ne da babanmu, amma yaron da ya karanta wannan, in aka kai shi marinar Ƙofar Mata ya ga ana tsoma ɗaurarren zane a karofi, zai kalli marinin da wani ido. Zai iya tambaya wa ya koya masa, kuma wa yake koya wa yanzu. In amsar tambaya ta biyu ta yi wuya, to yaron ya fara fahimtar abin da ya sa Japan take biyan gwanayenta kuɗi domin su horar da magada.

Iyayen da suka gwada wannan da 'ya'yansu, muna son jin hoton da yaran suka fi so da irin tambayoyin da suka yi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.